Rediyonka Bai Ƙone Ba: Bin Sawun Wuta da Mita

 Gaisuwa ga mutanen Narayi, daga High Cost har Bayan Dutse. Gaisuwa ga maƙwabta na Barnawa da Sabon Tasha, da duk wanda ke jinmu a kudancin kogin Kaduna da ma tsallake.

Yau a kan ƙaramin rediyo za mu yi magana. Shi da 'yar sifikar nan mai caji, wadda ake sa wa memori ko a haɗa ta da waya. Kun san su. Suna kan teburin mai shayi. Suna rataye a shagon aski. Mama mai kayan miya tana da ɗaya a gefen tire. Maigadi da shi yake raba dare. Tun 1962 da aka buɗe gidan rediyon Arewa a nan Kaduna, garin nan bai rabu da akwatin rediyo ba.

To, wata rana sai a murɗa, shiru. A sake murɗawa, shiru. Me ake yi? A bubbuga shi da tafin hannu. A ciro batir a shanya a rana. Wani har cizon batirin yake yi. In duk an yi bai tashi ba, sai a yanke hukunci: ya ƙone. A cusa shi ƙarƙashin gado, a fara tara kuɗin sabo.

Ku saurare ni da kyau. Da yawa daga cikin akwatunan nan lafiyarsu ƙalau. Wuta ce ba ta isa inda ya kamata ba. Ta taso daga batir, ta tsaya a hanya. Aikinmu mu gano inda ta tsaya. Abin da zai nuna mana wurin kuwa shi ne maltimita, wadda masu gyara ke kira mita.

Kashi na farko, mu san mitar kanta.

'Yar na'ura ce, ba ta wuce tafin hannu ba. Wadda ta fi yawa a kasuwa rawaya ce ko baƙa, an rubuta DT830 a goshinta. Ana samunta wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da shagunan kayan wuta na cikin unguwa. Da can kowane awo da na'urarsa. Wani injiniyan gidan waya na Birtaniya, Donald Macadie, ya gaji da jidar na'urori, ya haɗa su a akwati ɗaya. Aka fara sayar da ita a 1923. Jikanyarta ce wannan da ke hannunka.

Dube ta. A sama akwai gilashi mai nuna lamba. A tsakiya akwai abin murɗawa. A ƙasa akwai ramuka uku. Sai wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da tsinken ƙarfe a bakinta.

Baƙar waya ta shiga ramin da aka rubuta COM. Kullum nan ne wurinta. Jar waya ta shiga ramin da ke da harafin V. Rami na uku an rubuta masa 10A. Wannan ka ƙyale shi. In jar waya tana ciki ka taɓa bakin batir biyu, ka haɗe su kai tsaye ke nan. Za ka ga tartsatsi, wayar ta yi zafi, mitar ta lalace. Zan maimaita: baƙa a COM, ja a V, ramin 10A a bar shi.

Kafin mu murɗa, bari in yi muku misali ɗaya, shi za mu riƙe har ƙarshe. Ku tuna tankin ruwa a saman gida, da bututu, da famfo. Batir shi ne tanki. Waya ita ce bututu. Ƙarfin da ke turo ruwan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya. Cushewar bututu kuwa ita ce om. Ranar da famfo ya ƙi kawo ruwa, mai hankali ba ya fasa kan famfo. Tanki yake fara leƙawa. In da ruwa, sai ya bi bututu gaɓa-gaɓa. Haka za mu yi wa rediyo.

Zane ya yi yawa a fuskar mita, amma wuri uku ya ishe mu a yanzu. Na ɗaya, awon bolt na batir. Nemi V mai miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi, ko inda aka rubuta DCV. Tsayar da ita a lamba 20. Ma'ana za ta auna har bolt 20, ya ishi duk ƙaramin rediyo. Na biyu, awon om, a lamba 200. Na uku, wurin da take yin ƙara in hanya a haɗe take. Ba kowace mita ke da shi ba. In taka ba ta da shi, om 200 zai yi aikin.

Gwada mitar kafin ka yarda da ita. Sa ta a om 200, ka haɗa tsinken biyu. Lambar ta faɗo kusa da sifili. Raba su, za ka ga 1 shi kaɗai a gefen hagu. Wannan 1 ɗin cewa yake yi babu hanya, a yanke take. Ka riƙe shi, za mu yi ta haɗuwa da shi. Sannan ita ma mitar da batirinta mai bolt 9 a ciki. In hoton batir ya fito a gilashi, canza shi. Mitar da batirinta ya yi sanyi ƙarya take yi, kuma yawanci ƙara lambar take yi.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, mun dawo. Kashi na biyu, batir. A nan zan fi daɗewa, domin a nan matsalar ta fi kwana.

Mita tana kan bolt 20. Jan tsinke a kan batir, wajen alamar tarawa. Baƙi a gindinsa, wajen alamar ɗebewa. In ka juya su ba abin da zai faru. Za ka ga ɗan layi a gaban lambar, shi ke nan.

Batir na zubarwa, ɗan yatsa ne ko babba irin Tiger Head, bolt 1.5 ne. Girma ba ya ƙara bolt, daɗewa yake ƙarawa. Sabo fil yakan nuna 1.6. In ya sauko 1.3, ya ci rabin tafiya. In ya kai 1.1 ko ƙasa, ya gama. Rediyo mai batir biyu bolt 3 yake nema. Mai uku, 4.5. Mai huɗu, 6. Auna su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa uku lafiya lau, ɗaya ne mugun. Shi ya sa ba a haɗa tsoho da sabo. Tsohon zai danne sauran, kuma shi zai fara tsiyaya.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya tafi da shi. Batir a zaune daban, batir a kan aiki daban.

A ce mai shayi ne a bakin titin Narayi. Rediyonsa yana tashi, ya yi magana minti biyu, murya ta shaƙe, ya mutu. Ya ciro batiran, yaron maƙwabcinsa ya auna. Kowanne 1.4. Yaron ya ce, "Baba, batirinka da sauransa, rediyon ne." Kuskure. Batirin da ya gaji, in aka bar shi ya huta, yakan farfaɗo a fuska. Mita ba ta jan wuta sosai, saboda haka ba ta wahalar da shi. Rediyo kuwa yana ja. Da ya ja, sai bolt ya zube.

To yaya za a yi? A mai da batiran cikin rediyo. A bar murfin a buɗe. A ɗora tsinken a ƙarshen layin batiran, ja a wannan gefe, baƙi a wancan. A duba lambar rediyo yana kashe. Sannan a kunna, a ƙure murya, a sake dubawa. Batir mai lafiya zai ɗan sauko kaɗan ya tsaya. Batirin da ya gaji zai rufto. Daga 2.8 ka gan shi a 2, ko ƙasa. Lambar tana rawa duk lokacin da mai magana ya ɗaga murya. Ka kama ɓarawon.

A nan ne asirin shanya batir a rana yake. Hutu da ɗumi suna ɗan motsa sinadarin da ke ciki, ya ba ka labaran ƙarfe shida, ya sake kwanciya. Ba caji ya yi ba. Cizo kuwa, ina roƙonku, ku bari. Abin da ke cikin batir ba na baki ba ne.

Mu koma kan masu caji. Yawancin ƙananan sifikoki da rediyoyin yanzu batirin litiyam suke ɗauke da shi. Wani shafaffe ne irin na tsohuwar wayar Nokia, an rubuta BL-5C. Wani dogo ne mai kama da ɗan yatsa amma ya fi shi kauri, ana ce masa 18650. An rubuta musu 3.7, amma cikakken caji 4.2 ne. In ya sauko 3, ya ƙare, a yi caji. In ka auna ka ga ƙasa da 2.5, ya sha wuya, da wuya ya koma daidai. Shi BL-5C baki uku gare shi. Bi alamar tarawa da ɗebewa da ke jikinsa, ka bar ɗayan.

Bari in ɗan ratse. Za ku ga 18650 a kasuwa an buga masa 9900mAh da manyan lambobi. Lambar nan yawan wutar da yake iya adanawa take nufi. Na ƙwarai daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3500 ba. Wanda ya ce maka dubu tara, kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye masa kayansa.

Batirin litiyam da ya kumbura ya gama aiki. Kada a huda shi. Kada a danne shi don murfi ya rufu. Kada a shanya shi a rana. Kada kuma a jefa shi bola inda ake cinna wa shara wuta, fashewa yake yi. A kai wa masu gyara.

Akwai kuma rediyo mai fitila wanda ke da ɗan baƙin batir mai kusurwa huɗu, na dalma, bolt 4. Ƙanen batirin mota ne. Cikakkensa ya ɗan haura 4. Abin da ke kashe shi zama babu caji. Ka yi tafiyar Kirsimeti ko ta Sallah ka bar shi a ƙare, ka dawo bayan watanni, ba lalle ya sake riƙe wuta ba.

Batir a zaune daban, batir a kan aiki daban. Ku auna shi rediyo yana kunne.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na uku. Batir lafiya lau, rediyo shiru. Tanki a cike, famfo a bushe. Sai mu bi bututu.

Fara da ido. Leƙa gidan batir. Ka ga farin gari ko kore a jikin sifirin? Tsiyayar batir ce, damina kuma ta ƙara mata tsatsa. Wannan garin ba ya barin wuta ta wuce. Kankare shi da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Goge da ɗan sifirit a auduga. Wanke hannu bayan ka gama. In sifirin ya kwanta ba ya matse batir, ɗan jawo shi. Rediyon da ke tashi in an buge shi, yawanci ciwonsa ke nan.

In ba nan ba ne, cire wayar wuta daga bango in yana da ita. Kwance sukurori. Zuba su a murfin kwalba kada su ɓace. Buɗe a hankali, domin akwai siraran wayoyi tsakanin murfi da fanel. Fanel shi ne koren allon nan da ƙananan kaya ke manne a kansa.

Mai da batir, ka kunna rediyo. Mita a bolt 20. Baƙin tsinke ya zauna wuri ɗaya, a gefen ɗebewa na batir. Kada ya motsa. Jan tsinke shi ne matafiyi.

Zango na farko, ƙarfen da kan batir yake taɓawa. A ce ka ga 3. Zango na biyu, inda aka liƙa jar waya da dalma a bayan ƙarfen. Nan ma 3. Bi wayar zuwa makunni, wato abin kunnawa da kashewa. Ƙafar da wuta ke shiga, 3. Ƙafar da take fita, sifili. Tsaya nan. Wuta ta shiga makunni ba ta fito ba, alhali yana kunne. Ka gano inda ta tsaya.

Dokar ke nan. Inda ka ga lamba a baya, ka rasa ta a gaba, matsalar tana tsakaninsu. Ba sai ka san sunan kowane abu a kan fanel ba. Ka dai bi jar waya.

Hannu ya natsu fa. Kada tsinke ya zame ya haɗa ƙafa biyu a lokaci guda. In hannunka yana rawa, naɗe tsinken da salatif, ka bar ɗan bakinsa kawai.

Makunni yakan mutu saboda ƙura. Ku da kuka san hunturun Kaduna, kun san inda ƙura ba ta shiga ba, ba ta ga hanya ba ne. Cire batir, ɗiga sifirit kaɗan a ciki, kunna ka kashe sau da yawa, bari ya bushe. Haka ma abin ƙara murya in yana ƙarar yashi. Ban da man inji, ban da man gyaɗa. Shi mai, ƙura yake tarawa.

Waya kuma takan karye a cikin robarta, daga waje ba ka gani. A nan awon om yake aiki. Amma sai ka cire batir tukuna. Ba a awon om wuta tana ciki. A cire batir, sannan a auna om. Tsinke ɗaya a wannan bakin wayar, ɗaya a wancan. In ta yi ƙara, ko lamba ta faɗo kusa da sifili, hanya a haɗe take. In ka ga 1 ɗin nan, a yanke take. Lanƙwasa wayar a hankali kana saurare. Ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa? Ta karye a ciki.

Ga wani wuri da mutane ke mantawa. Ramin da ake soka adafta a jikin rediyo yana da ɗan harshen ƙarfe a ciki. Aikinsa ya yanke batir in an soka adafta, ya mai da shi in an zare. In harshen nan ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, rediyo zai yi aiki da wutar bango, ya ƙi da batir. Ramin abin sauraro na kunne ma haka yake. Shi sifika yake yankewa. Fitila tana ci, murya babu? Soka abin kunne. In ka ji magana, ramin ne ko sifikar. Ita sifika, cire waya ɗaya daga jikinta ka auna om. Wadda aka rubuta wa om 8 za ta nuna wajen 6 zuwa 8. Mai 4 za ta nuna 3 da wani abu. In 1 ya fito, zaren cikinta ya tsinke.

Kashi na huɗu, caja. Ku matso kusa, domin akwai gargaɗi a ciki.

Sifikar da ta ƙi caji, mutum uku ake tuhuma: kan caja, igiyar caji, da ramin da ake sokawa. Kan cajar waya bolt 5 yake bayarwa. Don ka auna shi cikin sauƙi, sami tsohuwar igiyar da ba a so, ka yanke ƙaramin bakin, ka fere. Za ka ga ja da baƙa. Raba su nesa da juna. Soka a caja ka auna. Tsakanin 4.8 da 5.2 daidai ne. In ka ga 4, ko lambar tana tsalle, cajar ta tashi aiki. Igiya kuwa gwajinta musanya. Arha tana da tsada a nan, domin zaren cikin wasu igiyoyin bai fi gashi kauri ba, wuta tana raguwa kafin ta isa.

Kana so ka tabbatar caji yana shiga? Kada ka yarda da jar fitilar nan kaɗai. Auna bakin batir kafin ka soka caja. A ce 3.5. Soka, ka jira minti kaɗan, ka zare, ka sake aunawa. In lambar ta fara hawa, caji yana shiga. In tana nan daram, wuta ta tsaya a ramin caji ko a ɗan aisin da ke kula da caji. Aisi shi ne ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa. Ramin cajin ya fi yawan laifi, domin yara suna fizgar igiya har dalmarsa ta saki.

Adafta kuma, ba duk wadda bakinta ya shiga ce taka ba. Karanta bayan rediyo, ka karanta jikin adafta. Bolt ya zo ɗaya. Ka ɗauki adaftar dikoda mai bolt 12 ka soka wa abin da ke neman 5 ko 6, to a nan kam za a yi ƙonewar gaske. Duba kuma zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin tarawa ce ko ɗebewa. Mita za ta gaya maka. Jan tsinke a cikin ramin bakin, baƙi a jikinsa na waje. In ɗan layi bai fito a gaban lamba ba, tsakiyar tarawa ce. Haka faifan sola. Wanda aka yi don batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 20 a tsakar rana in ba a haɗa shi da komai ba. Kada a haɗa shi kai tsaye da 'yar sifika.

Ga gargaɗin. Duk abin da na koya muku yau na ƙaramar wuta ne, ta batir da wadda ke fitowa daga caja. Wutar bango bolt 230 ce a Najeriya. Tana kisa. Kada ku buɗe rediyo yana soke a bango. Wasu masu arha, irin waɗanda ake soka wa wayar wuta kai tsaye don caji, ba su da taransfoma a ciki. Babu abin da ya raba fanel ɗinsu da wutar bango. In yana caji ka taɓa ko da bakin batirinsa ne, zai iya jan ka. Kada kuma ku fasa kan caja. A cikinta akwai wata 'yar gwangwani, kwandansa, da ke riƙe sama da bolt 300, kuma takan riƙe shi ko bayan an zare. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. A zare daga bango, sannan a buɗe. Yara kuma su tsaya a kallo.

Akwai gwaji ɗaya na ɓangaren bango da ba shi da haɗari. Na tsohon rediyo ne mai nauyi, mai taransfoma. Zare filogi daga bango gaba ɗaya. Sa mita a om, wajen 20k. Taɓa ƙafafun filogin biyu. In lamba ta fito, hanya tana nan. In 1 ne, igiyar ce ta yanke, ko fiyus, ko zaren taransfoma. Abin da ke jawo wannan sau da yawa shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi, ko janareton da ya yi kuka ya haura. In an ɗauke wuta, zare kayanka. In an kawo, bari ta zauna tukuna.

Saura abu biyu in sallame ku.

Na farko, rediyo mai cin batir. Ka sa sabo yau, jibi ya ƙare. A nan amfiya za mu auna. Murɗa mita zuwa 200m a ɓangaren DCA. Tsaga ɗan kwali ka cusa tsakanin kan batir da ƙarfen da yake taɓawa, ka yanke hanya. Tsinke ɗaya a wannan gefen kwalin, ɗaya a wancan. Yanzu duk wutar ta cikin mita take bi. Rediyo yana kashe, lambar ta zama sifili ko dab da shi. In tana nuna abu mai yawa, wani abu yana shan batir a ɓoye. In an kunna da murya ƙasa-ƙasa, ƙaramin rediyo 'yan gomomi yake ja. In ya cika ma'aunin kuma babu murya, kashe da sauri, ka shafa bayan yatsa a kan fanel. Abin da ya yi zafi shi ne mai laifi. Da ka gama, mai da mita kan bolt nan take, kada ka manta ka auna batir da ita a haka.

Na biyu, gurnani. Rediyo yana aiki da batir tsaf, da an sa shi a wutar bango sai ya riƙa wani kuka mai kauri a ƙarƙashin magana. Duba kwandansa. 'Yar gwangwani ce a tsaye a kan fanel, aikinta tace wuta. Kanta a shafe ya kamata ya kasance. In ya kumbura, ko ta yi dalala a gindi, ta mutu. Kuɗinta kaɗan ne. Sabuwar ta zo da lamba iri ɗaya, kuma tana da gefen tarawa da na ɗebewa, ba a juya ta.

To in wuta ta isa fanel cif, sifika lafiya, har yanzu shiru fa? Nan ne iyakar gyaran gida. Sai mai gyara, na unguwa ko na kasuwa. Amma dubi yadda za ka shiga shagon. Da, cewa za ka yi, "Injiniya, ga shi nan, ya mutu." Shi kuma ya ce, "Oga, bar shi, ka dawo jibi." Yanzu cewa za ka yi, "Injiniya, batir yana ba da 4.1 a kan aiki. Wuta ta wuce makunni ta shiga fanel. Sifika om 4 ce, lafiyarta ƙalau. Duba mini aisin sauti." Aikin da zai ci masa awa ya koma na mintuna, cinikin ma zai zo da sauƙi. In ya canza wani abu, ka ce ya ba ka tsohon ka gani.

Lokaci ya cimma mana. A shiri na gaba za mu ɗauki ƙarfen liƙa dalma, mu ga yadda ake mai da wayar da ta saki ba tare da an ƙona fanel ba. Ku tanadi tsohon rediyo ɗaya na gwaji.